WA YA RABA MU DA KURKUNU?

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, sai ku yi mini uzuri. Wata magana ce ta tokare mini ƙirji tun makon jiya, na yi juyin duniyar nan in share ta in koma kan littafin da nake rubutawa, amma ta ƙi sharuwa. Shi ne na ce bari in zo in zazzage muku ita, in ya so kowa ya auna da hankalinsa, wanda kuma ya ga na kauce hanya ya dawo da ni.

Akwai ɗiyar yayana, yarinya mai ƙoƙari da natsuwa, wadda tun tana firamare kowa a gidanmu ke ce mata Likita. Bana ta zana jarrabawar shiga jami'a da burin karatun likitanci, to amma Allah bai nufa ba, makinta bai kai ba. Sai aka ba ta gurbi a fannin nazarin dabbobi, wanda 'yan boko ke kira zuwoloji. Ranar da labarin ya iso, gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Kwana biyu a tsakani sai ga Yaya ya taso tun daga Kebbe ya iske ni a Tambuwal, ko ruwan da na kawo masa bai gama sha ba ya fara:

"Ke kin jiya abin da anka ba ɗiyarki? Wai karatun dabbobi! Mu da munka tashi cikin awaki da jakkai, wa za ya koya muna dabba? In ta ƙare mi za ta zama, mai ba biri ayaba gidan zu? Gara ta zamna gida ta sake jarrabawa baɗi, in ba ta samu ba mu yi mata aure, kowa shi huta."

Na bar shi ya kai aya, sannan na ce, "Yaya, ka tuna damanar da ka riƙa goyona kana fitar da ni gindin tsamiya, don ƙafata ba ta taka ƙasa?"

Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce, "Kurkunu ke nan. Allah Shi raba mu da mugun ciwo."

Na ce, "Amin Yaya, ai kuwa Ya raba mu. To amma ta hannun wa?"

Wannan tambayar ce nake son in amsa a nan, domin na lura ba Yaya kaɗai ke wa karatun dabbobi irin wannan kallon ba, da yawanmu haka muke.

Bari in fara da yaran yanzu, waɗanda ba su taɓa ganin kurkunu ba sai dai su ji a bakin manya. A damanar 1989, ina 'yar shekara tara a ƙauyenmu na ƙasar Kebbe, na wayi gari da wani ɗan ƙurji a idon sahuna na hagu, yana zugi kamar an ɗora mini garwashi. Da ya fashe sai ga wani farin abu kamar zare ya leƙo. Kakata ta samo tsinke ta naɗe bakinsa, kullum safiya ta ja kaɗan ta naɗe, ta ja kaɗan ta naɗe, ina ihu ana danne ni. Ba a gaggawa da shi, domin in ya tsinke a ciki ƙafa za ta haye ta yi ruwa, sai an kira wanzami ya yi sakiya da ƙarfen da aka gasa a wuta. Wata biyu na yi ina ja da gindi. Kuma ba ni kaɗai ba ce, a gidanmu mu huɗu muka kwanta, har da Baba. Shi kurkunu a ƙasarmu ba ya fitowa sai da damana, daidai lokacin da ake noman fari da maimai. Majiya ƙarfi suna kwance, ciyawa tana cin gero. Shekarar nan ba mu kai watan bakwai da hatsin rumbunmu ba.

Idan ka tambayi tsofaffi daga ina yake zuwa, wannan ta ce jijiya ce ta lalace take neman hanyar fita, wancan ya ce gado ne yana cikin jini, wani ya ce sammu aka taka. Kada ku yi musu dariya, domin hatta likitocin Larabawa na zamanin da, suna kiran ciwon irƙul madini, wato jijiyar Madina. Abin da babu wanda ya taɓa kawowa a ransa a ƙauyenmu shi ne tafkin da muke ɗibar ruwan sha. Hasali ma, in zugin ya ishi mutum, tafkin yake zuwa ya tsoma ƙafar ya ji sanyi. Ni kaina an kai ni na tsoma. Ashe kurkunun baɗi muke shukawa da ƙafafunmu ba mu sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

To wa ya fara gano bakin zaren? Wani saurayi ne ɗan ƙasar Rasha mai suna Alexei Fedchenko, wanda aikinsa shi ne wannan nazarin halittu da Yaya ke rainawa. Ya tafi yankin Samarƙandi da maƙwabtanta, can wajen ƙasar Imamul Bukhari, inda kurkunu ya addabi mutane kamar yadda ya addabe mu. Ya riƙa ɗibar ruwan tafkuna yana dubawa da madubin nan mai ƙara girman abu, har wajajen 1870 ya gano cewa 'ya'yan kurkunu suna zaune ne a cikin cikin wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa da Turawa ke kira saikulof, wanda girmansa bai wuce kan allura ba. Wannan bawan Allah bai yi tsawon rai ba, ya mutu a 1873 wajen hawan wani dogon dutse mai ƙanƙara a ƙasar Turai, yana ɗan shekara 29. Amma abin da ya hango a ɗigon ruwa shi ne harsashin duk abin da aka gina daga baya.

Bayansa sai wani ɗan Birtaniya, Robert Leiper, masanin tsutsotsi, ya zo Afirka ta Yamma a 1905, ya sauka birnin Accra na ƙasar Gana, wanda kakanninmu fatake ke ce wa Ankara. Shi ne ya ba biri waɗannan ƙwarin da ke ɗauke da 'ya'yan kurkunu ya haɗiye, bayan watanni aka sami tsutsotsin sun girma a jikin birin. Ya kuma nuna cewa ruwan ciki mai narkar da abinci yana kashe ƙwaron, amma ɗan kurkunun da ke cikinsa sai ya fito da ransa. Kun ga ashe ba biri abinci ma, in da ilimi aka yi shi, ba abin dariya ba ne.

Sai namu na gida. Sanya Onabamiro, mutumin Ago-Iwoye ta ƙasar Ijebu, malamin nazarin dabbobi ne a kwalejin jami'a ta Ibadan. A farkon shekarun 1950 ya yi ta bin tafkunan ƙauyukan ƙasar Yarbawa, wata bayan wata, yana ɗibar ruwa yana tantance wane jinsi ne daga cikin ƙwarin nan ke ɗaukar cutar a Nijeriya, da kuma wane lokaci na shekara suka fi yawa. Ya kuma bi diddigin yadda tsutsar ke girma a farkon shigarta jiki. Saboda aikinsa har aka sa wa wani jinsin ƙwaron ruwan sunansa. Daga baya ya shiga siyasa ya zama minista a gwamnatin Jihar Yamma, amma in ka tambayi masana yau, da bin tafki suke tunawa da shi, ba da kujera ba.

Idan aka haɗa aikin waɗannan mutane, ga yadda labarin yake. Mai kurkunu ya tsoma ƙafa a tafki, uwar tsutsar ta ji sanyin ruwa ta amayar da dubban 'ya'yanta. Ƙwarin ruwan nan su haɗiye su, su yi kamar mako biyu suna ƙosawa a cikinsu. Yarinya ta zo ta cika tulu ta kai gida, a sha ruwa da ƙwaro ba a sani ba. Ƙwaron ya mutu a ciki, ɗan kurkunu ya huda hanji ya shiga jiki, ya yi ta girma shiru babu zafi babu alama, har kusan shekara guda. Macen kan kai tsawon mita ɗaya, sannan ta gangaro ƙafa ta nemi hanyar fita. Shi ya sa kakanninmu suka kasa haɗa ciwon da ruwan, wa zai tuna ruwan da ya sha bara?

Yanzu ga abin da nake son Yaya da ire-irensa su riƙe da kyau. Har gobe kurkunu ba shi da ƙwayar magani, ba shi da allurar rigakafi. Da a ce a 1989 an ɗauke ni an kai ni wajen babban likitan da ya fi kowa a Sakkwato, abin da zai yi mini bai wuce abin da kakata ta yi ba, ya wanke miki ya naɗe tsutsa, sai dai shi nasa da tsabta da maganin rage zugi. Ba raina likitoci nake ba, Allah Ya sani, su ne gatanmu ranar ciwo. Amma kurkunu ba a asibiti aka kashe shi ba. A bakin tafki aka kashe shi, da ilimin sanin halin ɗan ƙwaro. Tunda an san ƙwaron ne jirginsa, sai aka ce a tace ruwa da ƙyalle mai ƙananan ido, ƙwaron ba zai wuce ba. A hana mai ciwon shiga tafki. A zuba wa tafkin maganin da ake kira Abate mai kashe ƙwarin. A haƙa rijiyar burtsatse. Shi ke nan fa.

Abin takaicin shi ne tazarar da ke tsakanin sani da aiki. Mutanen Bukhara sun yi aiki da wannan ilimin sun rabu da ciwon tun farkon shekarun 1930. Mu kuwa sai da muka ƙara fiye da shekara hamsin muna ja da gindi. A 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shiga yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da kurkunu duk shekara a Afirka da Asiya. A Nijeriya an kafa shirin yaƙi da shi a 1988, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, kuma ƙidayar farko da aka yi ƙauye-ƙauye ta gano mutum fiye da 650,000, adadin da ya sa muka zama kan gaba a duniya. Ina jin ƙafata tana cikin irin wannan lissafin.

A cikin waɗanda suka ja ragamar aikin akwai masana tsutsotsi irin su Farfesa Luke Edungbola na Jami'ar Ilorin, wanda bincikensa a ƙauyukan ƙaramar hukumar Asa ta Jihar Kwara ya nuna cewa inda aka kai rijiyar burtsatse, cikin 'yan shekaru kurkunu kan ɓace ko ya kusa. Akwai kuma mace, Farfesa Eka Braide, wadda digirinta na farko a wannan zuwoloji ɗin ta yi shi, ta jagoranci yaƙin a kudu maso gabas, daga baya ta zama shugabar farko ta Jami'ar Tarayya da ke Lafiya a Jihar Nasarawa. Janar Yakubu Gowon shi ma ya sa baki, ya yi ta yawo ƙauyuka yana taso gwamnoni a gaba kan maganar ruwan sha. Ina tuna ranar da ma'aikata suka zo ƙauyenmu suka raba wa mata ƙyallen tacewa. Innarmu ta karɓa tana taɓe baki, tana cewa yanzu wannan tsumman ne zai yi abin da rubutu da turare suka kasa? Raina kama ka ga gayya. Mutum na ƙarshe da ya yi kurkunu a Nijeriya an same shi ne a Jihar Inugu a watan Nuwamba na 2008, kuma a Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba mu shaidar rabuwa da shi, tare da maƙwabciyarmu Nijar. A duk faɗin duniya mutum 14 kacal aka samu da shi a 2023.

Wani zai ce to ai an gama, kurkunu ya tafi, me ya rage wa mai karatun dabbobi? Da sauran aiki jingim. Ko shi kurkunun bai mutu murus ba. Tun wajajen 2012 aka gano ya koma jikin karnuka a ƙasar Cadi, musamman a ƙauyukan masunta na bakin kogi, kuma masana na zargin cin kayan cikin kifi da kwaɗi ne ke kai shi. Cadi kuwa ba nisa gare ta ba, in gemun ɗan uwanka ya kama wuta ka san abin yi.

Ga kuma tsargiya, fitsarin jinin nan da yaranmu maza ke yi a garuruwan fadama, har wasu iyaye na ɗaukarsa alamar balaga. Shi ma wancan Leiper ɗin ne, a ƙasar Masar a 1915, ya warware yadda tsutsar ke rayuwa a jikin 'yan ƙananan katantanwar ruwa kafin ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa. Ita tsargiya tana da magani, ana ma raba shi a makarantu. Amma yaro ya sha magani yau, jibi ya koma tafkin da ya ɗauko ta. Wa zai bi tafkunan Kebbe da Kuchi da Romo da Sanyinna ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa mana wanne ke da irin katantanwar nan, wanne babu, kuma wane wata ne suka fi yawa? Likita ba shi da wannan lokacin, layin marasa lafiya na jiransa. Aikin irin su Onabamiro ne, kuma sai wanda ya san hanyar garuruwan, yake jin harshen mutanensu.

Sai babbar annobar manomanmu, tsuntsayen jan baki, waɗanda mu nan muke ce wa buwa. Duk wanda ya taɓa noma shinkafa ko gero a ƙasar Sakkwato da Kabi ya san su. Za ka ga sun taso kamar hadari, su sauka gona, kafin ka je gida ka dawo sun bar maka kara. Yara su bar makaranta su wuni suna kaɗa gwangwani da ihu har murya ta dushe. Kowace shekara roƙonmu ɗaya ne, gwamnati ta turo jirgin feshi. To akwai wani Bature masanin tsuntsaye, Peter Ward, da ya zauna yankin Tafkin Cadi a ƙasar Barno a farkon shekarun 1960, yana kama tsuntsayen nan yana buɗe maƙoshinsu yana duba abin da suka ci, ya buga sakamakon a 1965. Ya gano cewa asalin abincinsu 'ya'yan ciyawar daji ne, ba hatsi ba. In ruwan farko ya sauka, irin ciyawar da ke ƙasa ya tsiro, sai abinci ya yanke musu, su yi ƙaura zuwa inda damana ta riga sauka ciyawa ta fitar da sabon iri, sannan su juyo suna bin damana suna hayayyafa. Daga nan ya yi gargaɗin cewa kashe miliyoyinsu da feshi ba ya rage yawansu a shekara mai zuwa, domin da ma yunwa kan kashe da yawansu, waɗanda suka saura kuma su sake cika daji. Abin da ya fi, a ganinsa, shi ne a san lokacin zuwansu da inda suke kwana, a kare gonakin da ke cikin haɗari a daidai wannan lokacin, a kuma daidaita shuka da girbi yadda hatsi ba zai nuna ranar da baƙin suka iso ba. Yau shekaru da dama ke nan da wannan magana, amma manominmu bai ji ta ba, domin babu ɗansa da ya karanta ta ya dawo ya fassara masa a bakin gona.

Hatta kifin da muke ci, wani Bature ne mai suna Holden ya zo ya ƙidaya ire-iren da ke maƙalewa a gurabun da Gulbin Sakkwato ke bari in rani ya yi, aka buga a 1963. A littafin kifayen Arewacin Nijeriya da ya fito a 1967 kuwa, cikin marubutansa biyar akwai ɗan Arewa guda, Ibrahim Yaro. Na tabbata duk Sarkin Ruwan da ke ƙasar nan ya san halin giwan ruwa da tarwaɗa da gargaza fiye da yadda baƙo zai sani a shekara biyu. Haka maharbanmu suka san daji, haka Fulaninmu suka san saniya. Amma iliminsu a ka yake, in tsoho ya faɗi ya tafi da abinsa. Wanda zai zauna gabansu da ladabi ya ji, ya gwada, ya tace, ya rubuta, ai sai ɗan gida.

Masu ganin kamar wannan karatu baƙon abu ne da Nasara ya kawo, su ma ina da 'yar magana da su. Ku ƙirga surorin Alƙur'ani mai girma da ke ɗauke da sunan dabba: saniya, dabbobin ni'ima, ƙudan zuma, tururuwa, gizo-gizo, giwa. An kuma umurce mu da mu dubi yadda aka halicci raƙumi. Malam Jahizu na Basra, wanda ya rasu wajajen 869, ya rubuta Kitabul Hayawan mujalladi bakwai kan dabbobi da halayensu. Malam Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya rubuta Hayatul Hayawan, ya jera dabbobi bisa harufa, littafin da har yau za ka same shi a ɗakin karatun malamanmu na zaure. Su ba su ga ƙasƙanci a duban tururuwa ba, sai mu?

Na san inda gizo ke saƙar, kuma ba zan ɓoye ba. Tsoron Yaya ba na dabba ba ne, na rashin aiki ne. Talaka ne da ya sayar da hatsi da tumaki ya yi wa ɗiya karatu, yana son ya ga ranar da za ta tallafe shi. Kuma gaskiya ce, akwai masu digirin zuwoloji da yawa da ke zaune ba aiki, wasu na koyarwa a makarantun kuɗi kan albashin da bai kai kuɗin cefane ba. Ba zan yi wa kowa alƙawarin ƙarya ba. Amma ku gaya mini, wane digiri ne yau a Nijeriya ke zuwa da takardar ɗaukar aiki a manne? Kuma wuraren aikin ba wai babu su ba ne. Akwai cibiyar binciken kifi a New Bussa, akwai ta ƙudan tsando da ciwon sammore a Kaduna, akwai ta kiwon dabbobi a Shika kusa da Zariya, akwai ta lafiyar dabbobi a Vom, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis a kusa da Jos. Ga ma'aikatun gona da na lafiya, ga shirye-shiryen yaƙi da sauro, ga kiwon kifi da na zuma da mutum zai tsaya da ƙafarsa. Ku leƙa waɗannan wuraren ku ƙirga 'yan ƙasar Sakkwato nawa ne a ciki. In muka hana 'ya'yanmu karatun, gobe kuma mu ne za mu zauna muna kukan an mamaye guraben.

A ƙarshe bari in juyo da yatsa gida, domin mu marubuta muna da kaso babba a wannan laifin. Ni nan na rubuta littattafai ba ɗaya ba ba biyu ba, kuma da na zauna na tuna taurarina maza, daga Alhaji ɗan kasuwa sai likita, sai barista, sai kyaftin na soja, sai matuƙin jirgin sama. Tauraruwa kuwa in ta yi karatu, to likitar mata ce. Ban taɓa rubuta saurayin da ke naɗe ƙafar wando ya shiga tafki da kwalba da 'yar koma ba, domin na san 'yan mata za su ce wannan ai ba ajin soyayya ba ne. Yarinyar da ta tashi tana karanta mu tun tana aji ɗaya na sakandare, mun riga mun zana mata wane ne mutum, wane ne ba kowa ba. To don me ba za ta yi kuka ba ranar da aka ba ta zuwoloji? Mu muka koya mata kukan. Ana yi mana gorin 'yan adabin kasuwa, amma kasuwar nan ita ce makarantar da ta fi kowace ɗalibai a ƙasar Hausa, ya kamata mu san abin da muke koyarwa a cikinta. Ni dai na ɗauki alƙawari, in Allah Ya ba ni rai da lafiya, tauraruwar littafina na gaba a bakin tafki za ku same ta, kuma za a so ta so na haƙiƙa.

Shi kuwa Yaya, da na gama zuba ya daɗe yana kallon tabon da ke idon sahuna, wanda har yau bai ɓace ba. Bai ce na yi gaskiya ba, kun san halin manya. Cewa ya yi, "To, na jiya. Bari in koma mu yi shawara da uwatta." Na raka shi bakin titi ya hau mota. Har zuwa yau da nake wannan rubutun bai aiko da amsa ba, ga shi kuma ƙarshen wata ake rufe rajista. Ita yarinyar na kira ta na ce ta yi istihara, in zuciyarta ta tsaya kan likitanci ba mai tilasta ta, amma kada ta ƙi wannan don gudun dariyar mutane, domin masu dariyar da yawansu da tabon kurkunu suke yawo.

Ina roƙon ku da ku taya mu da addu'a, Allah Ya zaɓa mata abin da ya fi alheri. Iyaye kuma da ke da irin wannan takardar a ƙarƙashin filo, don Allah ku sake dubawa kafin ku yaga. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka sha wahalar wannan ciwo, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu dace.

Wassalam. Taku har kullum, daga Tambuwal.